Yadda ake buga Hayarigami, gem ɗin ƴan sandan Japan masu binciken labaran "an ce an ce"

Tun watan jiya wani ƙanena ke damuna da tambaya, wai Yaya wane irin gem ne wannan da kake zaune kana ta karatu ba harbi ba gudu, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake buga shi kowa ya huta. Sunansa Hayarigami, kamfanin Nippon Ichi Software na Japan ne ya fitar da shi a 2004 a kan PlayStation 2. Kai ne ɗan sanda Kazami Junya na rundunar ƴan sandan Tokyo, an tura ka wani ofis a ƙarƙashin ƙasa wanda a takarda aikinsa tattara tarihin ƴan sanda ne, amma a zahiri duk kes ɗin da ya gagari hankali nan ake jefo shi.

Mataki na farko, zaɓi inda za ka fara. Na farko ya fito 2004, na biyu 2007, na uku 2009 a PSP, wato PlayStation ta hannu, sannan a 2023 aka haɗa ukun a fakiti ɗaya da ake samu a Nintendo Switch da PlayStation 4. Akwai kuma sabon layi mai suna Shin Hayarigami da ya fara a 2014, a can mace ce ƴar sandan, Hojo Saki. Shawarata ka fara da na farko. Shin Hayarigami ɗin nan na 2014 jini ya yi masa yawa, abin ya fi karkata ga azabtarwa fiye da bincike, in zuciyarka ba ta ɗaukar irin wannan to bar shi tukunna.

Na biyu, maganar yare, kuma nan ne mutane da yawa ke karaya. Tsofaffin ukun da Japananci suke. Ni dai ga yadda nake yi: sai in jingina waya da kofin shayi a gaban allo, in buɗe kyamarar Google Translate, duk rubutun da ya fito in jira ta fassara kafin in danna gaba. Akwai wahala wallahi, wani lokacin fassarar ta kan juya mace ta koma namiji ko ta fassara sunan mutum ya zama "iska" da "teku", saboda haruffan sunan Kazami ma'anarsu kenan. Amma da yake gem ɗin ba ya kora ka, rubutu na nan tsaye har sai ka danna, ana iyawa. Ka fara haddace siffar sunayen mutane huɗu ko biyar kawai, sauran zai zo da sauƙi.

Na uku, san mutanenka. Kogure Soichiro shi ne abokin aikinka, ƙato ne mai faɗin kafaɗa da ladabi kamar soja, amma da an ambaci fatalwa jikinsa ya ɗau rawa. Inudo Ranko ita ce ogarku. Sai mutum biyu da ya kamata ka buɗe kunne sosai in suna magana, Shikibu Hitomi likita mai binciken gawa wadda komai sai ta nemo masa dalilin kimiyya, da Kirisaki Suimei, wa ne ga Kazami, malamin jami'a masanin al'adu da camfe-camfen mutanen Japan. Kusan duk gem ɗin a tsakanin bakin waɗannan biyun yake tafiya.

Na huɗu shi ne zuciyar abin, a nan zan ɗan daɗe. A tsakiyar kowane kes wasan zai tsaya, Kazami ya shiga yi wa kansa tambayoyi, kai kuma kana zaɓar amsa ɗaya bayan ɗaya. Amsoshin nan su ke yanke hanyar da labarin zai bi, ko hanyar kimiyya, wato akwai ɗan adam a bayan abin da dabararsa da dalilinsa, ko hanyar gaibu, wato ka yarda akwai abin da ido ba ya gani. Ɗauki kes ɗin Kokkuri-san misali. Wasa ne da ƴan makaranta a Japan suka daɗe suna yi da gaske, a rubuta haruffa a takarda a zana ƙofar wurin bauta a sama, a ɗora kwabon yen 10, kowa ya sa yatsa a kai a kira wani ruhi ana masa tambaya kwabon na zamewa. (Don Allah kar wani ya ce zai gwada, kiran abin da ba ka sani ba ba wasa ba ne.) A gem ɗin ɗalibai mata ne suka fara mutuwa a wata makaranta ana danganta abin da wannan wasa. To kai fa, me ka gani? Kuskuren da na yi karon farko, na riga na yanke a raina cewa ƙarya ce duka tun kafin in gama sauraron shaidu, sai na riƙa zaɓar amsa da son rai, na ƙare da bincike mai ramuka. Ka amsa da abin da aka nuna maka kawai. Kuma abin da ya sa nake ƙaunar gem ɗin nan, ko ka bi kimiyya har ƙarshe akwai ɗan abin da zai rage ba bayani, ko ka bi gaibu za ka tarar da hannun mutum a ciki.

Na biyar, tattala makin jarumta. Wasu zaɓuɓɓukan ba sa dannuwa sai ka kashe maki, kuma kaɗan ake ba ka. Kar ka ƙone su a kan burga, ajiye su sai inda ka ga shiru zai jawo asarar rai ko shaida.

Na shida, riƙe biro da takarda. Kana cikin karatu wasu kalmomi za su riƙa shiga ma'ajiyarka, a ƙarshen kes sai a kawo maka allo mai hotunan mutane da layuka tsakaninsu, kai za ka cike gurabe, wane ne wannan, me ya haɗa shi da wancan, wa ya cuci wa. Da shi ake auna ka a ba ka daraja. Ni littafin aikin makaranta mai shafi 40 na ware, kowane kes shafi biyu, suna a hagu abin da ya faɗa a dama, wanda ya canza magana in ja masa layi da jan biro. In kalmar da kake nema ba ta cikin jerin, to akwai wurin da ba ka leƙa ba, koma baya.

Na bakwai, ka riƙa ajiye wasan kafin kowace tambayar kai, a gurabe daban daban ba guri ɗaya ba. Sau ɗaya aka ɗauke wuta ina daf da ƙarshen kes, fassarar awa biyu ta tafi, ranar ko abincin dare ban iya ci ba. Amfaninsa na biyu kuma, in ka gama hanya ɗaya sai ka dawo daidai mararrabar ka bi ɗayar, don wanda ya buga hanya ɗaya rabin labari ya ji.

Na takwas, kar ka tsallake rumbun bayanan da suke kira F.O.A.F, ma'anarsa abokin aboki, wato dai "wani ya gaya min wani ya gaya masa". Ciki akwai bayanan camfe-camfe da jita-jitar birni da kalmomin aikin ɗan sanda, suna buɗewa ne yayin da kake wasa. Irin su labarin matar nan mai yagaggen baki da ta firgita yaran Japan a 1979, ko Hanako, fatalwar yarinyar da ake cewa tana banɗakin makaranta, duk wannan duniyar ce. Wanda ya tuna 2004 a Najeriya lokacin da aka yi ta yaɗa cewa akwai lambar waya da in ka amsa kiranta ka mutu, zai gane yadda irin wannan labari ke kama gari ba wanda ya ga gawar amma kowa ya san wanda ya san wanda ya gani.

Na ƙarshe, buga shi da dare, sa abin kunne, rage hasken ɗaki amma kar ka kashe gaba ɗaya. Kes ɗaya a sati ya isa. Ƙanen nawa yanzu yana kan Kokkuri-san, ya bi hanyar gaibu, jiya da daddare ya turo min saƙo wai in ara masa littafin nawa.