Matashin da ke ji wa kansa ciwo a lokacin kulle

Iyaye da yayye, kulle irin na korona a 2020 yakan raba matashi da makaranta da abokai. Damuwa ta taru, wasu sai su riƙa ji wa jikinsu ciwo don zuciya ta ɗan sarara. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar.

Ku lura da yaron da ke rufe hannuwansa da tufafi ko ana tsananin zafin rana, ko raunukan da ba su da bayani. Kada a yi masa faɗa ko a sa shi rantsuwa, ɓoyewa kawai zai koya. A keɓe da shi, a ce: "Na ga ciwon nan, me ke damunka?" Sai a yi shiru a saurara. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa; tambayar ba ta jawo tunanin.

A kulle magunguna, maganin ƙwari da reza. A nema masa likitan ƙwaƙwalwa. In ya sha ƙwayoyi da yawa, a tafi asibiti nan take ko da ya ce garau yake, domin illar farasitamol ga hanta kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana.