Babi na Shida: Gina Kan Jirgin Ƙasa Mai Tururi da Bulon Roba

A babin da ya wuce mun koyi awo da santimita da milimita. Yau za mu sa awon nan a aiki. Za mu gina ƙaramin kan jirgin ƙasa irin na da, mai cin kwal yana aman hayaƙi, kuma da bulon roba za mu gina shi, irin wanda yara ke harhaɗawa. Kada wani ya raina aikin. A Jamus da Ingila da Amurka akwai magidanta da furfurarsu da ke share watanni a kan jirgi ɗaya. Ba sa bin takardar da ke cikin kwali. Hoton jirgin gaske suke ajiyewa a gabansu, su auna, su lissafa, su fitar da nasu. Irin wannan ginin za mu koya.

Bulon da awonsa

Bulon da ya fi suna shi ne na kamfanin LEGO da ke garin Billund a ƙasar Denmak. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara kamfanin a 1932, da kayan wasa na katako. A 1958 aka yi wa dabarar haɗa bulon rajista: ƙananan maɓallai a sama, bututu a ciki ta ƙasa, a danna su kama juna. Bulon da aka yi tun wancan lokaci yana shiga na yau daram. Jirgin ƙasarsu mai tafiya da batir a kan dogo ya fito a 1966. Yanzu wasu kamfanoni ma suna yin bulo mai awo iri ɗaya, kuma ana dacewa da tsofaffi a wurin 'yan gwanjo.

Ku rubuta waɗannan a littafinku, don duk lissafinmu a kansu yake. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin cikakken bulo milimita 9.6. Akwai siriri, wanda za mu riƙa kira falle, tsayinsa milimita 3.2. Falle uku a kan juna sun yi bulo ɗaya. Masu wannan aiki da maɓalli suke ƙirga komai: su ce faɗin jirgi maɓalli 6, tsawonsa maɓalli 30.

San jirgin kafin ka taɓa bulo

A jirgin gaske, mai zuba kwal yana hura wuta a gaban ɗakin direba. Wutar na tafasa ruwan da ke cikin doguwar tukunya. Tururin ya bi bututu zuwa silinda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya tura fistin gaba da baya. Fistin ya tura sanda, sanda ta juya manyan tayoyi. A bayan kan jirgin akwai taragon kwal da ruwa.

Ana gane kan jirgi da ƙirgen tayoyinsa, yawanci lamba uku a jere: ƙananan tayoyin gaba, manyan da ke ja, ƙananan baya. In aka ce 2-8-2, to biyu ne a gaba, takwas manya, biyu a baya. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma shekara da shekaru kwal na Enugu jiragen ƙasar nan suka ci kafin dizal ya karɓe. Daga 1948 hukumar reluwe ta kawo wasu kawunan jirgi masu ƙirge 2-8-2 daga Birtaniya, aka raɗa musu sunayen koguna. Wanda ya samu hoton ɗaya daga cikinsu ya samu abin kwaikwayo mai kyau. Amma shawarata, mai farawa ya fara da 2-6-0, wato manyan tayoyi shida. Na takwas ɗin ya jira sai hannu ya faɗa.

Jiragen da kamfani ke sayarwa yawanci faɗinsu maɓalli 6 ne. Masu ƙirƙirar nasu sun fi son 7 ko 8, don a samu wurin saka bututu da fitila da matakala. Mu za mu ɗauki 8. Faɗin jirgin gaske wajen mita 3 ne, saboda haka kowane maɓalli zai tsaya a madadin kusan santimita 40. Ga lissafi: kan jirgi mai tsawon mita 12 santimita 1,200 ke nan. Raba da 40, ya ba ka maɓalli 30. Zana wannan a takarda mai gida-gida, kowane gida maɓalli ɗaya.

Daga ƙafa ake farawa

Nan ne nake so mu zauna sosai. Jirgina na farko daga sama na faro shi, don tukunya da bututun hayaƙi su ne ke ɗaukar ido. Kwana tara ina gyara jikinsa. Na sa masa jan layi a gefe, na yi wa ɗakin direba taga. A miƙaƙƙen dogo ya tafi lafiya. Yana shiga kwana ta farko sai tayar tsakiya ta hau kan dogo, ya karkata, ya kife, bututun ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujera. Da na nemi gyara tayoyin sai na tarar duk jikin a kansu yake zaune. Dole na wargaza aikin kwana tara. Ba na so ɗayanku ya sha wannan takaicin.

Dalilin kifewar yana cikin dogon kansa. Tsakanin ƙarafan dogon roba kusan milimita 37 da rabi ne. Miƙaƙƙen guntu tsawonsa maɓalli 16. Lanƙwasasshe guda 16 ke yin da'ira ɗaya, kuma daga tsakiyar da'irar zuwa tsakiyar dogo maɓalli 40 ne kacal, wato santimita 32. Tebur mai faɗin santimita 75 ya ɗauke ta. Wannan kwana ta matse ƙwarai. Jirgin gaske ba ya shiga irinta ko kusa.

Tayar jirgi tana da leɓe ta ciki, shi ke riƙe ta a kan dogo. In ka jera tayoyi uku masu leɓe a gefe ɗaya a kan shasi mai tauri, ta gaba da ta baya za su bi lanƙwasar dogo, ta tsakiya kuwa ba ta da inda za ta je sai ta cije ko ta hau. Maganinsa taya marar leɓe, wadda masu aikin ke ce wa makauniya. A sa ta a tsakiya: mai leɓe, makauniya, mai leɓe. A kwana sai ta ɗan zame gefe ba tare da ta kama komai ba. Jirgin da LEGO ya fitar a 2009 mai suna Emerald Night, mai ƙirge 4-6-2, da irin waɗannan manyan tayoyi ya zo, masu leɓe da marasa leɓe. Kowace faɗinta kusan milimita 30.

Ɗauki dogayen bulo biyu masu huda-huda a jiki, su ne shasi. Zura sandunan taya uku ta cikin hudojin, wato sandunan da ke ɗaukar taya ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kada ka matse tayoyin a jikin shasi, bar 'yar rata kamar kaurin farce. Juya kowace da yatsa. In ba ta ci gaba da juyawa da kanta ba bayan ka saki, akwai inda take gogawa, nemo shi yanzu.

Ƙananan tayoyin gaba ba a manne su da shasi. A sa su a kan ɗan hannu mai juyawa a fegi ɗaya, su riƙa karkata dama da hagu kamar akala, su ja jirgin cikin kwana. A kula kada su bugi silinda in sun karkata. Ana iya ɗaga silinda da tsayin falle ɗaya ko biyu saboda wannan.

Ƙarfe goma sha biyu da ƙarfe uku

Kowace babbar taya tana da huda a gefen cibiyarta, inda fegin sandar haɗi ke shiga. Sandar haɗi ita ce doguwar nan da ke ɗaure tayoyin gefe ɗaya su juya tare. Ɗauki fuskar taya kamar agogo. A gefen dama, duk fegin su tsaya a ƙarfe 12. A gefen hagu, duk su tsaya a ƙarfe 3. Rubu'in da'ira ke tsakaninsu, digiri 90. Sandar taya kanta kusurwa huɗu gare ta kamar alamar tarawa a lissafi, don haka taya matsayi huɗu kawai take iya zama a kanta, kuma samun rubu'in ba wuya.

A wani aji da na koyar, wata mata mai ɗinki ta ɗaga hannu.

"Malam, me zai hana a sa duka biyun a ƙarfe goma sha biyu? Ai ya fi kyan gani."

Na ce, "Hajiya, in kekenki ya tsaya a wani wuri, kika taka feda ya ƙi motsi, yaya kike yi?"

"Sai in murza ƙafar sama da hannu."

To amsar ke nan. Duk sandar da ke juya taya tana da wuri biyu a zagaye inda turawarta ba ta da tasiri, wato in ta miƙe sak da cibiya. Kan jirgi ba shi da mai murza masa taya da hannu. Shi ya sa aka saɓa ɓangarorin da rubu'i: in sandar dama ta kai wurin mutuwarta, ta hagu na tsakiyar ƙarfinta. Haka abin yake a jirgin gaske, kuma shi ya sa mai silinda biyu ke huci sau huɗu a kowane zagayen taya. A ƙaramin namu, in ka manta da rubu'in nan, tayoyin za su yi ta cijewa, wata ma ta nemi juyawa baya. Taya ɗaya tak in ta kauce daga sahu, duk jirgin ya tsaya cak.

Yanzu ɗora shasin tsirara a kan dogo. Tura shi da yatsa ɗaya ya zagaya sau goma gaba, sau goma baya. Juya fuskarsa ka sake. In kana da mararrabar dogo, bi da shi ta nan ma. Sai ya wuce duk wannan ba gargada sannan za ka ɗauki bulon jiki.

Inji da batir

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa injin lantarki na jirgi a ƙarƙashin taragon kwal, akwatin batir a cikinsa a rufe da baƙaƙen bulo kamar tulin kwal. Taragon ne zai riƙa tura kan jirgin, mai kallo ba zai gane ba. Akwatin irin na Powered Up, wanda ya shigo jiragen LEGO a 2018, ƙananan batir AAA guda 6 yake ci, kuma ana sarrafa shi da rimot ko da waya ta Bluetooth. Hanya ta biyu, a ɓoye injin cikin tukunya a sauko da ƙarfinsa da giya, wato ƙananan tayoyi masu haƙora, zuwa sandar taya ɗaya. Ta fi burgewa, amma tana bukatar zoben roba a kan tayoyi da nauyi a samansu, in ba haka ba sai su yi ta sulɓi a wuri ɗaya. Wanda bai da inji ya tura da hannu, darasin bai ragu ba.

Tukunya da sauran jiki

Bulo mai kusurwa ne, tukunya kuwa zagayayyiya. Mai sauri ya samu zagayayyun bulo masu faɗin maɓalli 4 ya zura su a sanda ɗaya kamar tsakiya a zare, ya kwantar. Mai son ta fi haka kauri sai ya gina ƙashi a tsakiya da bulo masu maɓalli a gefe, ya liƙa lanƙwasassun bulo sama da dama da hagu. A nan akwai sirri ɗaya na lissafi: falle 5 tsayinsu milimita 16, maɓalli 2 ma milimita 16. Duk inda ka kwantar da gini a gefe, wannan daidaiton ne zai mayar da kai sahu.

Ɗakin direba ya zama mai cirewa. Bayan kowane sashe da ka ƙara, mayar da jirgin kan dogo ya yi zagaye ɗaya, don matakala ko bututu ɗaya na iya tokare sanda. Tsakanin kan jirgi da tarago bar ratar maɓalli ɗaya ko biyu, kusurwoyinsu kada su yi karo a kwana.

Ƙurar hunturu tana shiga hudojin shasi ta sa tayoyi nauyi. A goge da tsohon buroshin haƙori, a ajiye jirgin cikin kwali ko a rufe da ƙyalle. In za a wanke bulo, ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu ya isa, kada zafinsa ya wuce digiri 40, kuma inji da akwatin batir ba sa shiga ruwa. Rana tana dafe farin bulo ya koma ruwan ɗorawa. A cire batir in za a daɗe ba a kunna ba. Ƙananan guntaye kuma a nisanta su da yaron da bai kai shekara 3 ba, don baki yake kai su.

Aikin gida

Taragon kwal na gaske tsawonsa mita 8. Maɓalli nawa zai ci a namu awon? Falle nawa ne a tsayin bulo 4? Zana tayoyin 4-6-0 kamar yadda za a gan su daga gefe ɗaya, ka yi alama a kan wadda ya kamata ta zama makauniya. Ranar aji mai zuwa kowane rukuni ya zo da shasinsa kawai, da tayoyi da sandunan haɗi a ɗaure, ba tukunya ba ɗakin direba. Ni zan zo da da'irar dogo.