Yadda Mai Kamfani Zai Saki Ragama Ga Ma'aikatansa Na Nesa

Kafin ka miƙa wa ma'aikaci wani aiki, ka rubuta masa abin da kake son gani a ƙarshe da ranar da za a kammala, sannan ka fayyace iyakar hukuncin da zai iya yankewa ba tare da ya tuntuɓe ka ba, domin wanda ba ya gabanka ba zai karanci fuskarka ya gane nufinka ba. Ka fara da aikin da kuskure a cikinsa ba zai jawo asara ba, kamar tsara jadawalin taro.

Mafi wuya shi ne haƙuri. Idan saƙo yana fita daga wayarka kowace sa'a kana tambayar inda aka kwana, to aikin yana hannunka har yanzu. Ka tsayar da rana guda a mako ta duba aiki, kuma idan ya bi wata hanya dabam ya cimma abin da aka nema, ka bar shi.