Yadda ake haɗa lasin CPL da koyon jirgi mai inji biyu

Yaranmu na Katsina da suka gama PPL, wato lasin tuƙa jirgin sama na ƙashin kai, kusan tambayarsu ɗaya ce in sun same ni: an sayar da fili an biya kuɗin makaranta, ko za a iya haɗa lasin tuƙin kasuwanci (CPL) da shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu tafiya guda? Ana iyawa, ni ma ita nake ba da shawara, amma sai an bi ta da tsari.

Kafin ka biya ko sisi, yi gwajin lafiya na aji ɗaya wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi.

Sai tara awoyi. CPL na neman awa 200 a sama, 100 daga ciki kai ne shugaban jirgi, har da doguwar tafiya ta kilomita 540 da za ka sauka a filaye biyu daban. Duk wannan ka yi shi a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya irin DA40. Awa guda a mai inji biyu kan kai ninkin kuɗin wancan, don haka ɓarna ce ka ƙona ta kana koyon abin da ƙaramin zai koya maka. In a makarantar Zariya ko ta Ilorin kake, lura da hazon Disamba zuwa Fabrairu, don kana iya yin mako ba ka tashi ba.

Awoyin ƙarshe su za ka ware wa mai inji biyu irin DA42 ko makamancinsa, a jere, kada ka rarraba su. To, nan ne ake faɗuwa gwaji. Tuƙa shi da inji biyu lafiyayyu ba wuya. Horon duk a kan mutuwar inji ɗaya yake. In ɗaya ya tsaya, wajen kashi 80 na ƙarfin hawan jirgin ne ke tafiya, hancinsa kuma ya karkata ɓangaren mataccen. Ranar farko da malamina ya janye min totur ɗin hagu bayan tashi, hannuna ya nufi na dama da sauri, sai da ya buge shi. Da na ja, da mun rasa duka biyun.

Abin da ya cece ni daga baya shi ne ƙafa. Taka feda ka miƙar da hanci tukuna, ka riƙe gudu a kan shuɗin layin agogon gudu, wato gudun da jirgin ya fi hawa da inji ɗaya, kada ka bari ya sauko kusa da jan layi, inda jirgin ke ƙwace maka. Ƙafar da ba ta aikin komai, injin ɓangarenta ne ya mutu. Faɗi sunansa da baki, janye totur ɗinsa a hankali ka tabbatar, sannan ka juya farfelarsa ta daina tare iska. Zauna a kan kujera a ɗakinka ka maimaita wannan kullum har hannu ya haddace. Wannan kyauta ne, a sama kuwa kowane minti kuɗi ne.

Tun da wuri tambayi makarantar ko tsarinta ya yarda a yi gwajin CPL a mai inji biyu, ka huta da biyan mai jarrabawa sau biyu. Gama rubutattun jarrabawa kafin nan. In a Afirka ta Kudu ko Amurka ka yi, ajiye kuɗin mayar da lasin zuwa na NCAA, kuma ka duba kowace awa tana da sa hannun malami a littafinka kafin ka dawo gida.