Kin sauka lafiya, amma hawan jinin bai sauka ba tukuna

'Yar'uwa, idan hawan jini ya kama ki kina da juna biyu, kada ki ɗauka sallama daga asibiti ita ce warkewa. Jinin ya fi hawa tsakanin kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da kin koma gida kuma hankalin kowa ya koma kan jariri. Jijjiga tana iya zuwa har cikin mako 6.

Abin da ya fi damuna da sababbin zuwa Turai da Amurka shi ne kawaici. Mace tana fama da ciwon kai, ga baƙunta ga rashin dangi kusa, sai ta ce gajiyar jego ce. A nan ba a karanta ciwo a fuska, sai kin buɗe baki. Kafin ki bar asibiti ki tambaya: wa zai auna ni, wace rana, wace lamba zan kira? In harshen ƙasar bai zauna miki ba, ki nemi tafinta.

A Ingila ana awo kullum a kwana biyun farko, a sake tsakanin kwana 3 da 5, sannan likitan unguwa ya duba ki a mako na 6 zuwa 8, don haka ki yi rajista da shi tun da wuri. A Amurka likitoci na so a auna ki cikin kwana 7 zuwa 10, ko cikin awa 72 idan jinin ya yi tsanani.

Ki mallaki na'urar awo a gida, ki riƙa rubuta abin da ta nuna. Da ya kai 160 a sama ko 110 a ƙasa, ko ciwon kai ya ƙi jin magani, ko ido ya yi dishi-dishi, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwo ya tokare ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada a jira gari ya waye: 999 a Ingila, 911 a Amurka, 112 a Tarayyar Turai. Ki fara da cewa kin haihu kwanan nan. Maigida ma ya haddace waɗannan alamomi.

Kada ki ajiye magani don kina shayarwa. Nifedipine, labetalol da enalapril duk ana ba masu shayarwa, likita ne zai rage ko ya tsayar.

Ko jinin ya daidaita, ki ci gaba da awo duk shekara, domin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru. In wani rabon ya zo, ki sanar da ungozoma tun awon farko, don a duba ko za ki fara ƙaramin asfirin daga mako na 12.