Yadda za a sa ido kan jaririn da yayansa ke da lalurar otizim

Idan a gida akwai yaro mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, sannan aka samu ƙaruwa, babu mamaki hankalin iyaye ya koma kan jaririn da fargaba. Fargabar tana da tushe, domin wani babban bincike da aka wallafa a 2011, wanda ya bibiyi ƙannen yara masu lalurar a Amurka da Kanada, ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar daga cikinsu su ma suna tasowa da ita, kuma maza sun fi mata yawa. Amma wannan adadi yana nufin kusan huɗu cikin biyar ba sa tasowa da ita, saboda haka abin da ake bukata shi ne lura cikin natsuwa.

Dalilin fara lura da wuri yana cikin ƙwaƙwalwar kanta, wadda girmanta ke ninkawa a shekarar farko ta rayuwa. Masu bincike a Amurka da suka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan jarirai da na'urar MRI suna barci sun bayyana a 2017 cewa a wajen waɗanda daga baya aka tabbatar suna da lalurar, saman ƙwaƙwalwa yana faɗaɗa da sauri fiye da kima tsakanin wata 6 da wata 12, tun kafin alamu su fito fili. Wannan hoto aikin bincike ne, ba gwajin da iyaye za su je su nema a asibiti ba. Darasinsa kawai shi ne canjin yana farawa da wuri.

Mataki na farko shi ne a shaida wa ma'aikatan lafiya tarihin gidan tun ranar da aka kai jariri riga-kafi, a kuma tanadi ɗan littafi da za a ajiye tare da katin awo, a riƙa rubuta abin da aka gani da watan da aka gan shi. Ɗan gajeren bidiyo a waya ma yana taimaka wa likita fiye da dogon bayani.

Sai a san abin da ake dubawa. Zuwa wata 6, ana sa ran jariri ya riƙa mayar da murmushi yana kallon fuskar mai yi masa wasa. Zuwa wata 9 zuwa 12, ya kamata ya riƙa waigowa idan an kira sunansa, yana gwalantu, yana ɗaga hannu ko miƙo abu. Gwajin suna ba shi da wuya: ki tsaya a bayansa lokacin da yake wasa a kan tabarma, babu rediyo ko hayaniya, ki kira shi da muryar da ya saba ji ba tare da kin taɓa shi ba, ki maimaita a ranaku daban-daban. Zuwa wata 18, a lura ko yana nuna abu da yatsa don ya jawo hankalinki, misali ya nuna kaza sannan ya dubi fuskarki ya ga ko kin gan ta. Wannan duba da yake yi miki ya fi nunin kansa muhimmanci. Idan babu kalma ko ɗaya a wata 16, ko ba ya haɗa kalmomi biyu a wata 24, ko kuma ya daina wani abu da ya riga ya iya a kowane lokaci, kada a tsaya sauraron masu cewa ai babansa ma bai yi magana da wuri ba. A kai shi wurin likitan yara, a nemi a duba jinsa, a kuma tambaya game da takardar tambayoyi ta M-CHAT da ake amfani da ita wajen gano alamun otizim tsakanin wata 16 da wata 30.

A gida kuwa, abin da ya fi amfani shi ne mu'amala ta fuska da fuska. A sauke shi daga goyo a zaunar da shi yana fuskantar mai rainonsa, a kwaikwayi sautin da ya yi, a dakata a ba shi damar amsawa, a bi abin da yake kallo a ambaci sunan abin. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa koya wa iyaye irin wannan mu'amala ya rage ƙarfin alamun a wajen jariran da suka fara nuna su. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada a bar jaririn da bai kai shekara ɗaya ba yana kallon waya ko talabijin.

Kada a dakatar da riga-kafi saboda tsoro. Rahoton 1998 da ya alaƙanta riga-kafin ƙyanda da otizim, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma manyan bincike da suka biyo baya ba su samu wata alaƙa ba. Haka kuma lalurar ba ta samo asali daga sakacin uwa ba, gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta. Mace mai shan maganin farfaɗiya, musamman valproate, ta tuntuɓi likita kafin ta sake ɗaukar ciki, domin shan sa lokacin ciki yana iya ƙara haɗarin lalurar ga jariri, amma kada ta daina shan maganin da kanta.