Yadda za ka haɗa ajin zane na yara da ɗan baje koli a Katsina

Tun da muka yi ɗan taron nan na nuna zanen yara mutane ke ta tambayata wai yaya muka yi, wa ya ɗauki nauyi, wace ƙungiya ce ta ba mu kuɗi. Wallahi babu wata ƙungiya, mu huɗu ne muka yi karo-karo, kuma abin da muka kashe bai kai na walimar suna ba. To bari in zayyano yadda ake yi, wanda ke da sha'awa ya gwada a unguwarsu.

Ka fara da zuwa gidan tarihi kai kaɗai tukuna, kafin ka kwaso yaran mutane. Abin kunya ne amma da yawanmu an haife mu a garin nan mun girma mun yi aure ba mu taɓa leƙawa ba, sai dai mu wuce ta gaba a adaidaita. Wurin shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Clifford, Gwamnan Najeriya na zamanin Turawa, ya buɗe a 1922, nan su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, daga baya a 1938 aka maida makarantar Kaduna, sannan Zariya inda ta zama Barewa. Ginin ƙasa ne, kuma ni a ganina ginin kansa ya isa darasi ko da ba ka kalli komai a ciki ba. Ka zagaya a tsanake, ka duba inda inuwa take da safe da inda take da yamma, inda yara za su iya zama a tabarma ba su tare hanya ba, ka tambayi ma'aikata ranakun da suke buɗewa da abin da ake biya in an kawo ɗalibai. Daga nan ka rubuta takarda zuwa ga shugaban wurin, wurin yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya ne saboda haka magana da baki kawai ba ta wadatarwa, ka faɗi ko kai wane ne, yara nawa, shekarunsu, wace rana, me za ku yi. Ka kai da wuri, kamar wata guda kafin lokacin, ka riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimi. In sun ba ka wurin da za ka rataye zanen alhamdu lillahi, in kuma ziyara kaɗai suka amince da ita ba komai, ku yi ziyarar can, baje kolin ku yi shi a ajin wata firamare ko wani zaure mai faɗi.

Maganar lokaci kuma a nan mutane ke tafka kuskure. Yaran garin nan ba zaune suke ba, da safe boko da yamma islamiyya, Asabar da Lahadi ma wasu tahfiz suke zuwa tun da sassafe. Ranakun da za ka same su cikin sauƙi Alhamis da Juma'a ne bayan la'asar tunda yawancin makarantun allo da islamiyyu suna hutu, ko kuma ka bari sai dogon hutu. Amma dogon hutu damina ce, hadari na iya tasowa kana tsakiyar aiki, takarda kuwa ba ta shiri da ruwa. Hunturu ya fi daɗin zama sai dai ƙura, ka rataye zane da safe kafin azahar ya yi futu-futu. Watan Afrilu kam kar ma ka fara, zafin zai kori kowa. In kana son ka jingina abin da wata rana sananniya akwai 18 ga Mayu ranar gidajen tarihi ta duniya, akwai kuma 27 ga Mayu ranar yara, amma sai ka yi shi da sanyin safiya.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya a saurare ni da kyau. Da zarar ka ce wa uba ajin zane za ka kai ɗansa, abin da zai fara zuwa masa shi ne hoton mutum da na dabba, wasu iyayen kuma ba sa son wannan saboda addini, kuma ba hurumin ka ba ne ka tsaya musu da su, ba wa'azi ka zo yi ba. Ka gaya masa gaskiya tun farko cewa zanenmu na gargajiya za a koya, kuma ka cika alkawari. Ai mu ba mu rasa zane ba. Ga dagi da ke jikin soraye da gaban manyan riguna, ga zayyanar da ake yi wa allo ranar sauka, ga aikin hula, ga zanen ƙwarya da ake yi da wuƙa mai zafi, ga na faifai da tabarmar kaba, ga aikin dukawa a jikin jaka da kuben takobi, ga ƙunshin da 'yan mata ke zanawa a hannu wanda in ka lura da kyau wata yarinyar 'yar shekara sha biyu ta fi malamin zanen iya juya layi. Ga kuma gini: hasumiyar Gobarau da ake dangantawa da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, ga Ƙofar Soro, ga ƙofofin ganuwa su Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar 'Yanɗaka. Ka raba yara kowa ya ɗauki ƙofar da ta fi kusa da gidansu, za ka sha mamaki, har gardama suke yi kan ta wa ta fi kyau. In a Daura kake kuma ga rijiyar Kusugu da ƙofar fada, aiki ya samu.

Kuma kar ka ce kai za ka koyar da komai. Ka nemo mai ɗinkin hula ɗaya, da alaramma mai iya zayyana, da wata dattijuwa mai aikin ƙwarya ko faifai, kowa ka ba shi zama ɗaya. Ka je da kanka har gida ko rumfa, ka durƙusa ka gaishe su, ka yi bayani, ka kuma ware musu abin goro mai ɗan kauri domin yinin sana'arsu ka ci. Na tuna da na je wurin mai hular da muka gayyata ce min ya yi, "Malam, ni da ban yi boko ba me zan koya wa 'yan makaranta?" Na ce Baba abin da ke hannunka shi muke nema, zama kawai za ka yi kana aikinka suna kallo. Ranar da ya zo sai da muka yi da gaske kafin yara suka bar shi ya tafi sallar magariba.

Kayan aiki ba wani abu ba ne. Farin kwali ka yanka shi gida huɗu, fensir, abin gogewa, abin fiƙe fensir, rula, da kala 'yan kaɗan. Sauran duk a gida suke: gawayi, tawadar allo irin wadda ake haɗawa da ƙaro, alƙalamin kara, jar ƙasa da farar ƙasa a jiƙa a tace a sa ɗan ƙaro don su kama takarda, ruwan zoɓo mai kauri yana ba da launi shi ma duk da yana dusashewa in ya daɗe. Yara sun fi jin daɗin wannan haɗe-haɗen fiye da kalar kanti, sai dai ka ce su zo da tsofaffin kaya don kar iyaye mata su tsine maka. Kar ka wuce yara ashirin a zama ɗaya, ka samu babba ɗaya kan kowane yara biyar, in akwai 'yan mata dole a samu mace cikin masu kula. Zama huɗu ko biyar na awa ɗaya da rabi ya isa. Ranar ziyarar gidan tarihi kuwa fensir da takarda kawai za a shiga da su, ban da tawada ban da ruwa, ka ja musu kunne tun a waje cewa ba a taɓa kaya ba a jingina da bango, kai ma ka tambaya kafin ka ɗauki hoto.

Sai rataye zanen, wanda shi ne ya fi ba mu wahala. Mu da farko salatif muka sa muka manna a bangon ajin da aka ara mana, muka tafi gida muna murna, da muka dawo da safe rabi na ƙasa saboda zafi ya saki gam ɗin, wasu ma sun ɗebo fentin bango sai da muka biya aka gyara. Abin da ya fi shi ne ka sa kafinta ya haɗa maka 'yan sanduna masu ƙafa, ka ɗaura igiya tsakaninsu, ka maƙale zanen da abin maƙale shanya, shi ke nan ba ka taɓa bangon kowa ba. In ginin ƙasa ne irin na tarihi kuwa ko da wasa kar ka kawo maganar ƙusa. Kowane zane ka manna shi kan kwali mai duhu wanda ya ɗan fi shi girma, nan take zai yi kamar na gaske. Wanda aka yi da gawayi ka ɗan fesa masa man feshin gashi daga nesa don kar ya goge. Kar ka rataye su can sama, ka sa daidai idon yaro ɗan firamare, manya sa sunkuya. Ka bar tazara tsakaninsu, in ka cunkusa sai wurin ya koma kamar shanyar wanki.

A ƙarƙashin kowane ɗaya ka sa 'yar takarda da sunan yaron na farko, shekarunsa, da abin da ya zana, da Hausa, in da hali har da ajami, dattawa na jin daɗin hakan sosai don su ma sai su karanta da kansu ba sai an karanta musu ba. Kuma don Allah kowane yaro a rataye nasa ko da guda ɗaya ne, ko da Gobarau ɗin tasa ta karkace kamar za ta faɗi. Ni ban goyi bayan a ce ga na ɗaya ga na biyu ba, yaron da bai ci ba ba zai dawo ba, uwarsa ma ta riƙe ka a zuci. In akwai 'yar kyauta a ba kowa fensir da littafin zane.

Gayyata kuma ka fara da mai unguwa da limami, ka kai musu da ƙafarka, in suka ce za su zo to rabin unguwa ta zo. Sauran ka tura ta WhatsApp, ka ba yara 'yan katuna su kai gida. Ka ware lokacin mata daban, misali da hantsi, maza bayan la'asar, in ba haka ba iyaye mata da yawa ba za su fito ba alhali su suka fi kowa son gani. Kar ka cika jawabai, addu'a, gajeren bayani na minti biyar, sai a bar kowane yaro ya tsaya gefen nasa yana bayani. Ruwan leda da ɗan dabino sun wadatar, a ajiye su a waje nesa da takardu. In wani ya ce zai sayi zane kar ka yanke kuɗi kai kaɗai, ka haɗa shi da mahaifin yaron, kuɗin na yaro ne, kuma kafin ka ɗora hoton fuskar ɗan kowa a Facebook ka nemi izinin iyayensa.

In an tashi ku share wurin tas ku kwashe ledoji, ku naɗe tabarmin aro ku mayar a ranar, kowane yaro a ba shi zanensa a naɗe da roba ya tafi da shi gida. Sanduna da igiya ka adana su a inda gara ba za ta ci ba, washegari kuma ka rubuta 'yar takardar godiya ka kai wa waɗanda suka ba ku wuri, ka haɗa da zane ɗaya in mai shi ya yarda.